Yadda abin huda takarda ke taimakawa wajen adana hotunan iyali

A gidaje da dama akwai tsofaffin hotuna na biki da suna da aikin Hajji, jibge a cikin akwati ko leda. Sai ranar da aka tashi neman hoton kaka ake tarar da gara ta ci gefensa, ko kuma danshin damina ya manne shi da wani. Hanya ɗaya ta ceto irin waɗannan hotuna ita ce a haɗa kundin tarihin iyali, wato littafin da ake jera hotuna da katunan gayyata da guntayen jarida a cikinsa, tare da bayanin kowanne.

Daga cikin kayan da ke sauƙaƙa wannan aiki akwai abin huda takarda da aka saba gani a ofisoshi. Wani Bajamushe mai suna Friedrich Soennecken ne ya yi rajistar ƙirarsa a 1886. Irin na ofis yana huda rami biyu, tsakaninsu milimita 80, kowane rami kuma faɗinsa kamar milimita 6. A yau akwai waɗanda ke fitar da da'ira ko murabba'i ko tauraro ko fure, da kuma wanda ke zagaye kusurwar takarda.

Ƙa'idar farko ita ce, shafin kundin ake hudawa, ba a taɓa asalin hoto ko takardar shaida. Ramin da aka huda ba ya komawa, haka ma gam da salatif suna barin tabo, kuma sukan ɗaye fuskar takarda idan aka zo cirewa.

A nan ne abin hudar ke da babban amfani. Ana fitar da ƙananan murabba'ai biyu daga takarda mai ɗan kauri, a raba kowanne biyu daga kusurwa zuwa kusurwa. Sai a shafa gam kaɗan a gajerun gefuna biyu na kowane yanki, a manna su a shafin, ta yadda za su zama aljihu huɗu. Kusurwoyin hoton ake zurawa a ciki, ya zauna daram ba tare da gam ya taɓa shi ba, kuma duk ranar da aka buƙace shi sai a zare shi lafiya.

Wajen ɗaure kundin kuwa, ana huda gefen shafuka a wuri ɗaya, a zura zare mai ƙarfi ko ribin a ƙulle. Da wannan dabara ana iya kwancewa a ƙara shafi idan an sami ƙaruwa ko an yi aure.

Guntayen da ke zubowa daga abin hudar ma ba shara ba ne. Ana jera su a gefen shafi su zama ado mai launi-launi. Manyan da'irori kuwa sun dace da rubuta suna da wuri da shekara a ƙarƙashin kowane hoto, domin hoton da ba shi da suna, bayan rasuwar dattawan da suka san mai shi, ya zama na baƙo.

Zaɓin takarda yana da muhimmanci. Takardar jarida tana ɗauke da sinadarin itace da ke sa ta yin rawaya da karyewa, kuma tana iya ɓata abin da ta jingina da shi. Don haka ya fi kyau a yi hoton labarin a farar takarda mai inganci, a ware asalin daban. Masu adana kayan tarihi ba sa ba da shawarar rufe muhimman takardu da roba mai zafi, saboda da wuya a iya cire ta ba tare da ɓarna ba.

Idan bakin abin hudar ya dakushe, huda takardar alminiyam da aka ninka sau da yawa yakan taimaka. Kifa shi yayin aiki kuma yana ba mutum damar ganin daidai inda zai yanka.

Bayan an kammala, a ajiye kundin a wuri busasshe, sama da ƙasa, nesa da rana da bangon da ke tsatsa ruwa. Yana da kyau kuma a ɗauki kowane shafi da waya, domin ko da ambaliya ko gobara ta auku, 'ya'ya da jikoki su sami abin da za su gani.