AWON PCR: YADDA AKE GANO ƘWAYAR CUTA DA SUNANTA

A farkon shekarar 2017 shawara ta ɓulla a jihar Difa. Idanun mutane suka koma ruwan ɗorawa, mata masu ciki suka yi ta rasuwa. Da fari an zaci masassarar shawara ce wadda sauro yake kawowa. Sai aka ɗebi jini aka aika cibiyar Pasteur ta Dakar. A watan Afrilu amsa ta fito: ciwon hanta ne mai lamba E, wanda ƙazamin ruwan sha yake yaɗawa. Nan aka juya ga gyaran ruwa da tsabta. Awon da ya raba gardamar, PCR ake ce masa.

Yaya ake yin sa?

Kowace ƙwayar cuta tana da rubutun halitta nata, kamar yadda kowane garke yake da shaidar mai shi. Amma rubutun nan kaɗan ne a cikin jini, ba ya ganuwa. Wani masani a Amurka, Kary Mullis, shi ya gano dabarar yawaita shi a shekarar 1983.

Ma'aikaci zai tace rubutun daga cikin jini, ya zuba a ɗan ƙaramin bututu. Zai ƙara sinadari mai yin kwafi, da wani guntu wanda ba ya kama kowane rubutu sai na cutar da ake nema. Na'ura za ta ɗumama bututun har awo 95, kusa da tafasar ruwa, sannan ta sauko wajen awo 60. Kowane zagaye, rubutun yakan ninka: 1 ya zama 2, 2 ya zama 4, 4 ya zama 8. A zagaye na 10 ya wuce dubu. A zagaye na 20 ya wuce miliyan. A zagaye na 30 ya wuce miliyan dubu.

Awo na nan take

A da, sai an gama ake dubawa. Yanzu ana sa wani sinadari mai ba da haske duk lokacin da aka yi kwafi, na'ura tana auna hasken a kowane zagaye. Manomin tattasai na bakin Kumadugu ya san wannan: fangalin da aka zuba wa iri da yawa shi yake fara yin kore. Haka nan, in haske ya tashi da wuri, ƙwayoyin cuta suna da yawa. In ya makara, kaɗan ne. Da irin wannan awo cibiyar CERMES ta Yamai ta yi ta gano cutar korona a shekarar 2020.

Me ma'aikaci yake koyo?

Na farko tsabta, domin ɗigon jinin wani yana iya ɓata amsa. Na biyu shaidu: yakan sa bututu ɗaya mai ruwa zalla, da ɗaya mai rubutun cutar da aka sani. In mai ruwa ya yi haske, ko ɗayan ya ƙi yi, sai a sake aikin. Na uku sanyi: daga Difa zuwa Yamai ya fi kilomita 1,300, kuma zafi yana lalata rubutun, shi ya sa ake ɗaukar jini a akwatin ƙanƙara.

Namu aikin

Na'ura ba ta zuwa gida neman marar lafiya. Mu mutanen Shetimari da kewaye, in mun ga ido ya canja launi, ko fitsari ya yi duhu, mu kai mutum gidan likita da wuri, musamman mace mai ciki. Ƙwayar cuta ta fi samuwa a jini a kwanakin farko. Kada mu hana a ɗebi jini. Ɗan kaɗan ne, jiki yana mayar da shi. Kafin amsa ta zo, mu tafasa ruwan sha ko mu sa masa maganin tsabtace ruwa, mu wanke hannu da sabulu bayan fita daga makewayi.