KARATUN DIGIRI NA ILMIN KWAMFUTA TA INTANET: JAGORA GA MANYA MASU SON KOMAWA MAKARANTA

Gabatarwa

An shirya wannan ɗan littafi ne domin wayar da kan jama'a, musamman manyan mutane maza da mata waɗanda suka daɗe da barin makaranta, yanzu kuma suke so su nemi digiri a fannin ilmin kwamfuta ba tare da sun ajiye aikinsu ko sun bar iyalinsu ba. Cikinsu akwai malaman makaranta, da ma'aikatan ofis, da 'yan kasuwa, da sojoji da 'yan sanda, da matan aure waɗanda hidimar gida ta katse musu karatu. Galibinsu kuɗin da za su kashe daga bakin iyali za su tsakuro shi, saboda haka kuskure wajen zaɓen makaranta hasara ce ga gida duka.

Abin da ake so mai karatu ya riƙe shi ne, karatu mai araha shi ne wanda hukuma ta amince da takardarsa, kuma mutum yake da halin kai shi ƙarshe. Makarantar da ta rasa ɗaya daga cikin waɗannan biyu ta yi tsada, komai ƙanƙantar kuɗinta.

Asalin Karatu Daga Gida

Karatu daga gida ya daɗe a Nijeriya. Tun kafin a buɗe Kwalejin Jami'a ta Badun cikin shekarar 1948, akwai 'yan ƙasa da ke karɓar darasi ta gidan waya daga Ingila, suna zama jarrabawar Jami'ar Landan suna nan gida. Marigayi Alvan Ikoku, wanda hotonsa ke jikin takardar Naira goma, ta wannan hanya ya sami digirinsa.

Cikin 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa jami'ar karatu daga gida ta ƙasa. Gwamnatin soja ta dakatar da ita cikin 1984, sa'an nan aka farfaɗo da ita cikin 2002, zamanin mulkin Cif Olusegun Obasanjo. Ita ce ake kira NOUN. Hedkwatarta tana Jabi a Abuja, tana kuma da cibiyoyin karatu fiye da ɗari a faɗin ƙasa. Shi kansa Cif Obasanjo a wannan jami'a ya karɓi digirin dakta cikin 2018, yana da shekara 80. Lalle gemu ba ya hana ilmi.

Bambancin da aka samu yanzu shi ne intanet ta maye gurbin gidan waya. Ɗalibi yana samun littattafansa, ya saurari malami, ya miƙa aikin gida, duka ta kwamfuta. Amma a yawancin makarantun ƙasar nan, jarrabawar ƙarshen zango sai ya je cibiya da kansa ya zauna.

Hanyoyin Da Ke Akwai

Hanya ta farko ita ce NOUN, wadda ta Gwamnatin Tarayya ce, kuma tun asali domin irin waɗannan ɗalibai aka kafa ta.

Ta biyu ita ce cibiyoyin karatu daga nesa na tsofaffin jami'o'i, kamar Jami'ar Badun, da Jami'ar Ikko, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Abuja, da Jami'ar Maiduguri. Ba kowace cibiya ce ke koyar da ilmin kwamfuta ba, saboda haka sai an bincika.

Ta uku ita ce jami'o'in karatu daga gida masu zaman kansu, irin su Jami'ar Miva da ke Abuja, wadda ta sami lasisi cikin 2023. Kuɗin jami'o'i masu zaman kansu ya kan ɗara na gwamnati.

Ta huɗu ita ce jami'o'in ƙasashen waje masu koyarwa ta intanet kurum. Misalinsu ita ce University of the People ta Amurka, wadda aka kafa cikin 2009. Ba ta karɓar kuɗin koyarwa, amma ana biyan kuɗin jarrabawa da dala a kan kowane darasi, digiri na farko kuwa yana ɗauke da darussa kamar 40.

Tambaya Ta Farko: Hukuma Ta Amince?

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, ita doka ta ɗora wa alhakin tantance jami'o'i da darussansu a Nijeriya. Amincewarta hawa uku ce, kuma tilas ne a tabbatar da kowane hawa dabam.

1. Jami'ar kanta tana cikin jerin jami'o'in da NUC ta amince da su.

2. An ba ta izinin koyarwa daga nesa. Izinin koyar da ɗalibai cikin aji bai ƙunshi wannan ba, dabam ake ba da shi.

3. Shi kansa fannin kwamfuta da mutum yake so ya karanta ya sami amincewa. Hukumar ta kan ba fanni cikakkiyar amincewa ta shekara biyar, ko ta wucin gadi ta shekara biyu, ko kuma ta hana.

NUC tana buga sunayen jami'o'in da ta amince da su a shafinta na intanet, lokaci lokaci kuma tana fitar da sunayen haramtattun jami'o'i. Duba wannan jeri ba ya cin ko kwabo.

Takardar da aka samo daga ƙasar waje kuwa, Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ce ke tantance ta. Wanda yake nufin ya yi amfani da irin wannan takarda wajen neman aikin gwamnati ko ƙarin girma, ya kamata ya rubuta wa Ma'aikatar ya tambayi matsayin makarantar da tsarin karatunta tun bai biya komai ba. Amincewar da wata ƙasa ta yi wa makarantarta ba ta ɗaure hukumomin Nijeriya.

Abin da ya faru cikin Disamba 2023 ya kamata kowa ya tuna. A watan ne wani ɗan jarida, Malam Umar Audu, ya bayyana yadda ya sayi takardar digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, ba tare da ya zauna aji ba, har ya shiga aikin yi wa ƙasa hidima da ita. Cikin Janairu 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, ta kuma kafa kwamitin bincike. Dakatarwar ta shafi masu laifi, ta kuma jefa waɗanda suka yi karatunsu da gaskiya cikin zulumi.

Tambaya Ta Biyu: Nawa Ne Kuɗin Duka?

Makarantu da yawa kuɗin zango guda suke tallatawa. Mai hankali sai ya ɗauki takarda da alƙalami ya lissafa abin da zai kashe daga ranar shiga har ranar karɓar takarda. Lissafin ya ƙunshi:

(a) kuɗin fam da kuɗin karɓar gurbi;
(b) kuɗin rajista na kowane zango;
(c) kuɗin rajistar kowane darasi da na jarrabawarsa, domin wasu makarantu, har da NOUN, dabam dabam suke karɓarsu;
(d) kuɗin aikin bincike na shekarar ƙarshe, da na koyon aiki a masana'antu;
(e) kuɗin yaye ɗalibai da na karɓar takarda;
(f) kwamfuta, da kuɗin data, da wutar lantarki ko abin da zai tsaya a madadinta;
(g) kuɗin mota da masauki lokacin jarrabawa.

Kwamfuta ba a yi mata kwana. Ana iya karanta littafi a wayar hannu, amma koyon rubuta manhaja yana bukatar kwamfuta wadda mutum zai zauna gabanta kullum. Ta hannu mai lafiya ta wadatar. Nisan cibiyar jarrabawa shi ma abin lura ne ƙwarai. Makarantar da kuɗinta ya ɗan fi yawa amma cibiyarta tana garin da mutum yake, ta iya fin wadda za a riƙa kwana a hanya dominta sauƙi.

Wanda zai biya da dala ya ƙara yin hattara. A farkon 2023 dala guda tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati. Bayan da aka saki farashin canji cikin Yuni 2023, ta haura Naira 1,500 cikin 2024. Watau kuɗin jarrabawa na dala 100, wanda a da Naira 46,000 ne, ya zarce Naira 150,000, alhali makarantar ba ta ƙara komai ba. Mai ɗaukar albashi da Naira, in ya shiga karatun shekara huɗu da ake biya da dala, ya ɗauki nauyin da bai san iyakarsa ba.

Game da rance, dokar da aka sa wa hannu cikin Afrilu 2024 ta tanadi asusun ba ɗalibai rance marar ruwa, wanda ake kira NELFUND, domin ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Mai son ya dogara da shi sai ya fara tabbatarwa daga makarantar ko irin tsarin karatunsa yana cikin waɗanda asusun ke ɗauka.

Tambaya Ta Uku: Wane Fanni, Kuma Daga Wane Aji?

Cikin Disamba 2022 NUC ta fitar da sabon tsarin darussan jami'o'i, inda ta ware ilmin kwamfuta ya zama sashe mai cin gashin kansa, da rassa da dama. Kimiyyar kwamfuta ita ce tushe, ita ce kuma ta fi bukatar lissafi. Injiniyancin manhaja ya dace da mai son gina manhajoji. Fasahar sadarwa ta dace da ma'aikacin da ke kula da kwamfutoci da hanyoyin sadarwa na ofis. Akwai kuma tsaron intanet da kimiyyar sarrafa bayanai. Ya kamata mutum ya nemi jerin darussan fannin ya karanta, ya gwada shi da aikin da yake yi ko wanda yake buri, kada sunan fanni kawai ya ja shi.

Sharaɗin shiga shi ne kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO ko NABTEB, a zama ɗaya ko biyu, cikinsu har da Ingilishi da Lissafi, galibi kuma da Fiziks. Wanda ya rasa ɗaya daga ciki, gara ya sake zama jarrabawar a matsayin ɗalibi mai zaman kansa. Duk makarantar da ta ce ba ruwanta da kiredit a Lissafi, abar tuhuma ce.

A nan ne kuma manya suke da wata dama ta rage kuɗi. Mai takardar difloma ta ND ko HND, ko NCE, a fannin da ya dace kuma da sakamako mai kyau, yana iya neman shiga kai tsaye daga aji biyu. Wannan ya rage masa kuɗin shekara guda cur. Saboda haka ya kyautu ya nemo takardar sakamakonsa daga tsohuwar makarantarsa da wuri, domin fitar da ita ta kan ɗauki lokaci.

Har wa yau, ba kowa ne ke bukatar digiri ba. Ma'aikacin gwamnati mai neman ƙarin girma, ko mai son zurfafa karatu, lalle sai da digiri. Amma mai son sana'a kurum yana iya farawa da gajeren horo, irin shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta ƙaddamar cikin 2023. In ya ga fannin ya karɓe shi, sa'an nan ya shiga dogon karatu da saninsa.

Tambaya Ta Huɗu: Akwai Lokaci?

Digiri na farko ta wannan hanya ya kan ɗauki shekara huɗu ko biyar, gwargwadon tsarin makarantar. Babu malami a kan ɗalibi, babu ƙararrawa. A NOUN, aikin gida yana ɗauke da maki 30 cikin 100, jarrabawa kuma 70, saboda haka wanda ya yi sakaci da aikin gida ya shiga ɗakin jarrabawa da rauni. Ana shawartar mai aiki ya keɓe kamar sa'a biyu kowace rana, bayan sallar asuba ko bayan yara sun kwanta, ya kuma ɗauki darussa daidai ƙarfinsa. Darasin da aka faɗi sai an sake biyan kuɗinsa. Sannu ba ta hana zuwa.

Shawara da iyali wajibi ce, domin miji ko matar ɗalibi su ma za su ɗauki rabonsu na wahalar. Ma'aikaci kuma ya nemi izinin karatu a rubuce daga ma'aikatarsa kafin ya fara, don kada ya gama a ƙi lissafa masa takardar. Game da aikin yi wa ƙasa hidima, wanda aka kafa cikin 1973, duk wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama digiri takardar yafewa ake ba shi. Wanda bai kai ba sai ya tambayi makarantar irin takardar da ɗalibanta ke samu daga hukumar NYSC.

Alamomin Makarantar Bogi

Araha ba ta ado. Jama'a su guji duk makarantar da ta yi alkawarin digiri cikin 'yan watanni, ko wadda ba ta yin jarrabawa a gaban mai sa ido, ko wadda wakilinta ya ce a zuba kuɗi a asusun wani mutum, ko wadda ke matsa wa mutum ya biya yau yau wai gurbi zai ƙare. Haka kuma wadda ke zaune a shago ko ajin firamare tana cewa ita reshe ce ta wata jami'a ta ƙasar waje. Kuɗi a asusun makaranta kaɗai ake biyansa, a karɓi rasit, a adana shi har ranar karɓar takarda. Amfani da takardar jabu laifi ne, yana jawo kora daga aiki da gurfana gaban shari'a.

Kira Ga Jama'a

Gwamnatin Tarayya tana maraba da duk ɗan ƙasa da ya ƙudura komawa karatu, domin ƙasa tana bukatar masu ilmin kwamfuta a ofisoshi da asibitoci da bankuna da makarantu. Ana roƙon sarakuna, da malaman addini, da shugabannin ƙungiyoyin ma'aikata da na mata, su taimaka wajen isar da wannan bayani ga mutanensu. Mai neman ƙarin haske yana iya zuwa cibiyar NOUN mafi kusa da shi, ko ya rubuta wa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ko Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya a Abuja, kafin ya saki kuɗinsa.