Wa Zai Biya Kuɗin Adana Gadon Sifawa?

Sifawa, da ke ƙaramar hukumar Boɗinga, tana da matsayi babba a tarihin daular Usmaniyya. Nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan ya baro Gwandu, yana karantarwa yana wallafa, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. Yana Sifawa ne a 1812 ya raba ragamar mulki tsakanin ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello. Gari irin wannan ba ya rasa kufai na tarihi da tsofaffin littattafan hannu a gidajen malamai.

Abin da ke cinye irin wannan gado ƙanana ne. A buɗe tsohuwar gafaka a gani: takardu warwara, tawada ta dusashe, gara ta bi gefe ta lashe sharhin da wani malami ya yi, zayyanar da aka ƙawata da ja da rawaya ta jiƙe da ɗigar ruwa. Ginin ƙasa ma haka. Indararo ya karye, ruwa ya bi bango, azara ta ruɓe, damina biyu soro ya rufta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, ina kuɗin gyara ke fitowa? Tun zamanin Turawa, waɗanda suka ci Sakkwato a 1903, aka yi dokar kayan tarihi a 1953, sannan a 1979 aka kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Akwai cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna, masu tara rubuce-rubuce. Daga waje kuma, gwamnatin Amurka ta buɗe asusun adana al'adu a 2001, babban ɗakin karatu na Ingila shi ma yana ba da tallafin ɗaukar hoton takardun da ke neman salwanta.

Sai dai tallafin waje na ɗan lokaci ne, gara kuwa ba ta hutu. Manyan kuɗi ma suna iya zuwa da nasu ta'adin. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, an rushe wani sashensa aka lulluɓe sauran da ginin siminti a shekarun 1970. Niyya ta alheri ce, amma abin da ya tafi ya tafi.

Abin da ake bukata shi ne ɗan kuɗi mai zuwa kowace shekara: na yaɓe da makuba kafin damina, na akwati da maganin ƙwari, na ladan magini da mai gadi. Mutanen Jenne a Mali duk shekara suke fitowa gayya su yaɓe masallacinsu, shi ya sa yake tsaye.

Mu ma muna da hanya a addininmu, wato waƙafi. Attajiri na iya ware shago ko gona, a riƙa zuba ribar ga wannan hidima, ƙarƙashin kulawar hakimi da malamai da hukumar zakka da waƙafi ta jiha, a kuma riƙa karanta lissafi a bainar jama'a. Masu littattafai a gida su yarda a ɗauki hoton littattafan, asali ya zauna hannunsu. Mai neman sadaka mai gudana ya sani, ceton littafin ilimi daga bakin gara yana cikinta.