Salansa Mai Rugugi Da Maganar Rage Shan Mai

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, duk wata dabarar rage shan mai ta samu kasuwa. Ɗaya daga cikin waɗanda ake yayatawa a gareji da majalisun matasa a Birnin Kebbi da Argungu ita ce ta salansa: wai a yanke ta kamfani, a yi wa mota waldar bututu mai faɗi da tukunya mai rugugi, a kuma fitar da indomin da ke ciki, wato matatar gubar hayaki, sai mota ta sha iska, ta ƙara gudu, ta rage cin mai. Mai Golf ko Corolla 'yar Kwatano ya ji haka, ya duba kuɗin lita, ya nufi wurin mai walda.

Inji ba ya tura hayaki a miƙe, bugu-bugu yake fitar da shi. Kowane bugu idan ya wuce da sauri yakan bar gurbi a bayansa, wannan gurbin ne ke janyo na biye da shi, har silinda ta wofinta sosai ta samu wurin sabuwar iska da mai. Manomin shinkafa a fadamar Argungu ya san wannan lissafin ko bai taɓa buɗe bonet ba. Idan injin ban ruwansa mai bakin inci biyu ne, ya ɗaura masa mesa mai inci huɗu, ruwan da injin ke iya ɗagowa shi dai zai ɗago, sai dai ya riƙa gangarowa a sanyaye, ba feshi ba ƙarfi. Idan kuma ya matse shi da 'yar siririyar mesa, injin ya shaƙe. Haka ƙaramar mota mai inji lita 1.6 ko 1.8 take. Hayakinta bai kai ya cika ƙaton bututu ba, sai ya yi sanyi ya rage sauri, jan nan ya ɓace. Inda direba zai ji abin shi ne wurin tashi da giya ɗaya da biyu, wato tuƙin cikin gari, kamar a Birnin Kebbi tsakanin kasuwa da Badariya ko Gesse, inda motar ke yin yawancin rayuwarta. 'Yar ribar da bututu mai faɗi ke bayarwa sai inji yana juyi can sama take fitowa, ita ma a kan ƙaramin injin da ba a taɓa komai nasa ba da ƙyar a ji ta a jiki. Kunne ne ke yaudarar mutum. Ya ji ƙara ta ƙaru, sai ya ƙara taka totur don ya ji daɗinta, tanki kuwa na ƙasa.

Girman bututun da tsawonsa ba a ka aka zaɓe su ba. Jelani Aliyu, wanda ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya je Amurka ya zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, a irin wuraren da ya yi aiki akan yi ta gwaji ne kafin a tsayar da kowane sashe na mota. Mu kuwa da rana ɗaya da sandar walda muke son gyara musu aiki.

Maganar indomi ta fi ciwo. Wani abu ne mai dubban ƙananan ramuka, an shafe shi da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda ke sauya gubar hayaki ta zama mai sauƙin illa kafin ta fito. A Amurka tun 1975 yawancin sababbin motoci ke zuwa da shi. Tsadar ƙarafan ce ta sa yake da masu saye, shi ya sa idan ka ji an ce, "Alhaji, indomin nan ne ke riƙe maka mota, bari a cire," ya kamata ka tambayi inda za a kai shi bayan an cire.

Jita-jitar tana da tushe, ba za a ƙi faɗa ba. Indomi yakan toshe, kuma idan ya toshe mota takan yi nauyi ta sha mai, a cire shi ta warware nan take. Sai dai ba haka kawai yake toshewa ba. Fulogi ne ya mutu ɗanyen mai ke wucewa ya ƙone a cikinsa har ya narke, ko inji na shan baƙin mai. An cire shi, ciwon na nan. Lafiyayyen indomi kuwa ɗan abin da yake tarewa bai taka kara ya karya ba. Ga kuma na'urar auna iskar hayaki da ke ɗaure a jikin bututun, wadda ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota yawan man da za ta saki. Walda ta bar ɗan rami kusa da ita, iskar waje ta shiga, sai ta kai rahoton cewa mai ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta ƙara. A cire na'urar gaba ɗaya, mota ta koma zuba mai da ka. Fitilar inji ta kama a gaban direba, a liƙe ta da baƙin salatif.

Wannan ramin yana da wata illar. Hayakin fetur na ɗauke da iskar kabon monokzaid, ba launi ba wari, kuma jini ya fi kama ta fiye da iskar shaƙa sau sama da 200. A zafin Maris da Afrilu, gilashi a rufe, ga yoyo a ƙarƙashin kujera, ciwon kai da gyangyaɗin da ke kama direba a hanyar Argungu ba lallai rana ce kaɗai ta jawo su ba.

Ƙarar kuma maƙwabta ke biyan kuɗinta. Masana lafiyar kunne sun sa iyaka a ma'aunin desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin uku yana raba lokacin biyu. Hukumar kare muhalli ta NESREA na da dokar hana ƙara tun 2009, da ta hayakin motoci tun 2011. A kan titi dai takardu da lasisi aka fi tambaya, motar da ke tashin unguwa da tsakar dare bayan biki ta wuce abinta.

Wanda salansarsa ta ruɓe, ya nemi mai girman ta asali, ya tsaya a kan aikin, ya ga an mayar da na'urar auna iskar hayaki a mazauninta. Idan an gama a tayar da inji, a ɗan toshe bakin bututun da tsumma na daƙiƙa kaɗan, duk inda walda ta bar rami za a ji yana huci. In shan mai ne damuwar, a fara duba fulogi da matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke cikawa, da iskar taya.