Me ya sa ƙarar babur ke tayar mana da hankali ko da rana tsaka?

Tun da ƴan bindiga suka fara tsallako iyaka suna kwashe shanu suna sace mutane a garuruwan Madarunfa, akwai abin da muka sha ji: mutum ya tsira, wata da watanni sun wuce, amma da ya ji babur gabansa ya faɗi, ko da ɗan kabu-kabu ne ya kawo fasinja kasuwa. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. To, masana ƙwaƙwalwa sun bi diddigin wannan tsumman.

Wurare biyu ne ke aikin. Akwai amigidala, mai buga ƙararrawar tsoro. Akwai kuma hifokamfus, wanda ke riƙe inda abu ya faru da yadda wurin yake. Da can an ɗauka in mutum ya girma, ƙwaƙwalwarsa ba ta sake yin sabbin ƙwayoyi. Joseph Altman ya ga sabbi a ɓeraye manya tun shekarun 1960, ba a kula shi ba. Sai a 1998 Peter Eriksson da Fred Gage suka ba da rahoton ganinsu a hifokamfus ɗin mutane manya.

Mene ne aikinsu? A 2011 masu bincike a jami'ar Kolombiya ta Amurka suka sa ɓeraye cikin akwati biyu masu kama da juna. A ɗaya lantarki na ɗan jan ƙafarsu, a ɗayan ba komai. Ɓerayen da aka ƙara wa sabbin ƙwayoyi sun fi saurin gane wanne ne akwatin haɗari, suka saki jiki a ɗayan. Wato sabbin ƙwayoyin na taimakawa a bambance maciji da tsumma, babur ɗin dare da babur ɗin ranar kasuwa. In sun yi ƙaranci, sai tsoron ya bazu kan duk abin da ya yi kama.

Ga inda abin ya fi ba mu mamaki. A 2014, a Toronto ta Kanada, ayarin Paul Frankland da Sheena Josselyn suka tsorata ɓeraye, sannan suka ba wasunsu wani gare da suke gudu a cikinsa na makonni. Gudu na ƙara sabbin ƙwayoyi. Da aka mayar da su akwatin, masu gudun ba su ƙame don tsoro kamar sauran ba. Sabbin ƙwayoyin sun shiga tsohuwar hanya sun sake mata tsari, kamar yadda sabon gini ke sauya lungun unguwa.

Amma fa a yi hattara, ɓera ba mutum ba ne. Ko a kan yawan ƙwayoyin nan a jikin babba masana na jayayya: wani bincike na 2018 ya ce da ƙyar ake ganinsu, wani na Madrid a 2019 ya ce ya same su har a tsofaffi. Abin da aka gani a dabbobi shi ne doguwar fargaba da rashin barci na rage su. Mu kuwa nan, wanda ke kwana da kunne a buɗe, ina ya ga barci?

Shi ya sa ba mu yarda a ce wa irin wannan mutum rago ko mai raunin imani ba. In an shafe fiye da wata guda yana mafarkin harin, yana zabura, ya daina zuwa gona, a raka shi gidan likita a yi bayani, ko a nemi a tura shi Maradi. Ku kuma na waje, in kun kira gida, bayan gaisuwa da maganar kuɗi, ku tambayi inna ko tana samun barci.