Kunun Kaka da Takardar Likita

A Gaya da Ajingi ba a cika tambayar likita ranar da jariri zai fara cin abinci ba. Kaka ce ke yanke hukunci. Da ta ga yaro na bin hannun uwarsa da ido, sai a dama masa koko ko kunun gero mai ruwa-ruwa, daga baya a riƙa lasa masa miyar kuka da ɗan tuwo. Nama kuwa sai haƙora sun fito, shi ma tsoka ɗaya ce ya tsotsa. Ƙwai? Wasu tsofaffi har gobe suna cewa yana koya wa yaro sata.

'Yar irin wannan gida da aure ko karatu ya kai Manchester ko Bronx ta New York tana tsaka mai wuya. Ma'aikaciyar lafiya ta ce nono zalla har wata shida, ba gishiri, ba dunƙulen magi, ba zuma sai ya cika shekara, saboda ƙwayar cutar da ke cikinta na iya shanye jikin jariri. Da dare Hajiya, kakar yaron, ta kira ta WhatsApp: "Ke, yaron nan ƙishirwa zai kashe shi, ku ba shi ruwa! Da me muka raine ku?"

A kan gyaɗa dai, Hajiya ce da gaskiya. Shekaru da dama likitocin Ingila da Amurka suna jan kunnen iyaye kan ba jarirai gyaɗa. Sai a 2015 binciken da Farfesa Gideon Lack ya jagoranta a Landan ya nuna cewa fara ba su ita da wuri na rage haɗarin jikinsu ya ƙi ta da kusan kashi 80 cikin 100. Kunun gyaɗa ke nan, wanda ba a taɓa daina damawa a Gaya ba. Sharaɗin kawai a niƙa ta lukui, kada ta shaƙe yaro.

A kan nama kuma, a ganina, al'ada ta yi kuskure. Ƙarfen jinin da jariri ya zo da shi duniya yana ƙarewa wajen wata shida, kuma tsinkakken koko ba ya mayar da shi. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 ta ce a ba shi nama, kifi ko ƙwai kullum. Ba a jiran haƙori: a dafa hanta ko tsoka ta yi luguf, a daka, a cuɗa da wake ko kabewa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure, a yankin da ke cika kasuwannin kudu da shanu da awaki.

Tsaraba ma tana da nata rikicin. Garin gero da kuka sukan wuce, amma kilishi da dambun naman da kaka ta ƙulla wa jika a filin jirgi ake ƙwace su, domin Ingila da Amurka sun hana shigar da irin wannan nama daga Nijeriya. Dole uwa ta nemi mahaucin halal na unguwarsu.

Abin da ya fi damuna shi ne kayan da ke dawowa gida. 'Yan uwa na waje kan aiko da gwangwanin Cerelac, a Ajingi a riƙa tsarma shi da ruwa don ya daɗe. Kuɗin gwangwani ɗaya da an turo, da ya sayi gero, waken suya, gyaɗa da ƙwai da za su fi shi daɗewa a gidan.