Sauya Ƙofofi da Tagogi a Gidajen Tafashiya: Lissafin Rana, Iska da Inuwa

Tafashiya tana cikin Ƙaramar Hukumar Kankiya, a tsakiyar Jihar Katsina, cikin yankin noma da ya haɗa Kankiya da Kusada. A nan, kamar a sauran karkarar ƙasar Hausa, gyaran gida yakan biyo bayan kaka, lokacin da aka sayar da amfanin gona, ko lokacin da aka tsayar da ranar biki ana son a kai amarya ɗakin da ba za a ji kunyarsa ba. Abin da ake fara taɓawa kuwa shi ne abin da ido ke fara gani: a cire tsohon ƙyauren katako a kafa na ƙarfe, a fasa bango a faɗaɗa taga, a sa gilashi mai firam ɗin alminiyam. Wannan maƙala tana bayani ne kan abin da irin wannan sauyi ke yi wa zafin ɗaki da iskarsa. Ƙofa da taga su ne hanyoyin da rana da iska ke bi su shiga ɗaki, don haka wanda ya sauya su ya sauya yanayin da iyalinsa za su kwana a ciki na shekaru masu yawa, ko ya yi niyyar hakan ko bai yi ba.

Dabarar tsohon gini

Ginin gargajiya na tubali yana da kauri, musamman daga ƙasa, kuma rufin soro na azara da ƙasa shi ma yana da nauyi. Ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta kuma saurin sakin sa. Zafin da ya bugi bango mai kauri da hantsi yakan ɗauki sa'o'i da dama kafin ya ratsa zuwa ciki, ta yadda ɗakin ke zama da sanyi da tsakar rana, sai da dare bangon ya fara huci, a lokacin da mutanen gida suka riga suka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. A lokacin hunturu kuma wannan hucin na dare shi ne bargon masu ɗaki. Tagar irin wannan gini ƙarama ce, kuma a sama take, kusa da rufi, inda iska mai zafi ke taruwa. Ƙofa kuwa da rana ba a rufe ta da ƙyaure. Asabari ake saki, ya tare hasken rana da idon mai wucewa, ya bar iska ta ratsa.

Ba daidai ba ne a mayar da tsohon ɗaki abin da ba shi da aibi. Yana da duhu, hayaƙi yana daɗewa a cikinsa, soro yana buƙatar gyara kafin kowace damina, azara kuma ta yi tsada saboda giginya ta ragu. Cutar sanƙarau, wadda arewacin Nijeriya ya ga mummunar annobarta a 1996, tana yaɗuwa ne a lokacin rani, kuma cunkoso a ɗakin da iska ba ta zagayawa yana taimaka mata. Saboda haka mai neman taga mai faɗi yana da hujja. Abin dubawa shi ne irin tagar, da bangon da za a kafa ta, da abin da zai yi mata inuwa.

Inda tagar gilashi ta samo asali

Tagar gilashi mai faɗi an ƙirƙire ta ne domin matsalar da ta saɓa da ta Katsina. Birnin Landan yana sama da digiri 51 arewa da layin ikwaita. Ranar hunturu a can gajeriya ce, mai rauni, kuma babban kuɗin da magidanci ke kashewa na ɗumama gida ne. Tun ƙarni na 17 masu hali a Turai suke gina ɗakuna masu manyan tagogi domin su raya itatuwan lemo da sanyi zai kashe a waje. Ingila ta soke harajin gilashi a 1845, ta soke harajin taga a 1851, shekarar da Joseph Paxton ya gina katafaren zauren gilashi na baje kolin duniya a Landan. Daga nan ɗakin gilashi da ake jingina wa gida ya zama abin sha'awa. Bayan tashin farashin man fetur na 1973 ne taga mai gilashi biyu da iska a tsakani ta bazu sosai, domin kada ɗumin da aka saya da kuɗi ya tsere.

Yadda gilashi ke aiki shi ne: yana barin mafi yawan hasken rana ya wuce, kimanin kashi 80 cikin 100 idan farin gilashi ne guda. Hasken ya faɗa kan daɓe da gado da bango, su ɗauki zafi. Zafin da suke fitarwa kuma gilashin ba ya barin sa ya fita da sauƙi, iskar da ta ɗumama ma tana kulle. Duk wanda ya taɓa shiga motar da aka bari a rana da gilasanta a rufe ya san sakamakon. Abin da Bature ke nema da gangan a watan Janairu ke nan, shi ne kuma abin da mutumin Tafashiya ke saya ba da saninsa ba idan ya kafa babbar taga ta gilashi a bangon yamma, a yankin da zafin Afrilu kan haura digiri 40 a inuwa. Taga mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, idan rana ta same ta sosai da la'asar, tana iya shigo da zafin da ya kai wat 500, wato kusan rabin abin da dutsen guga na lantarki ke fitarwa. Fanka ba ta rage wannan zafi, juya shi kawai take yi. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa tana buƙatar wutar da ba kowane lokaci ake samu ba, janareta kuma ya zama kayan masu hali tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Kowane bango da ranarsa

Yankin Kankiya yana kimanin digiri 12 da rabi arewa da ikwaita. Ma'anar wannan ita ce rana tana ratsawa ta tsakiyar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta. Tsakanin waɗannan lokuta biyu tana ɗan karkata arewa, sauran shekara kuma tana karkata kudu, har ta kai tsayin digiri 54 kacal da tsakar rana a ƙarshen Disamba. Wannan lissafi, wanda ake koyarwa a darasin labarin ƙasa a wuce, shi ne ya kamata magini ya riƙe kafin ya ɗaga diga.

Bangon arewa da na kudu suna da sauƙin karewa, domin rana tana zuwa musu ne daga sama. A ƙarshen Maris, lokacin da bazara ke kankama, ɗan rufin da ya fito santimita 30 a saman tagar kudu yana jefa inuwar da ta haura mita ɗaya ƙasa da tsakar rana, ta rufe tagar baki ɗaya. A Disamba kuma, da rana ta sauko, sai haskenta ya shiga ta ƙarƙashin wannan rufi ya ɗumama ɗakin, a daidai lokacin da ake son ɗumin. Da wuya a samu wani aiki na gini mai arha da amfani kamar wannan, amma shi ne aka fi mantawa da shi, domin mai alminiyam taga aka ce ya kawo, birkila kuma rami aka ce ya fasa, babu wanda aka ɗora wa inuwa.

Gabas da yamma su ne masu wuyar sha'ani. Rana tana kallon su ne ido da ido, tana ƙasa-ƙasa, don haka rufin saman taga ba ya tare ta. Yamma ta fi muni saboda ranarta tana zuwa ne bayan iska da ƙasa sun gama ɗaukar zafin yini. Gabas kuma tana da nata: hadarin damina a wannan yanki galibi daga gabas yake tasowa, da iska mai ƙarfi da ke watsa ruwa a bango, ƙurar hunturu kuma daga arewa maso gabas take zuwa. Dalili ke nan da magina na da suke ƙara kula da yaɓen bangon gabas. Abin da ya dace a waɗannan ɓangarori biyu shi ne ƙaramar taga, ko taga mai murfin katako da ake rufewa daga waje, ko a bar wa itace aikin. Bishiyar bedi guda, wadda Kanawa ke kira darbejiya, idan aka dasa ta yamma da ɗaki da ɗan nisa don kada saiwarta ta taɓa tushen gini, tana yin abin da gilashi mai tsada ba zai yi ba. Gilashi mai duhu ko labule mai kauri suna rage haske, amma inuwar da ta tare rana tun tana waje ta fi wadda ta tare ta bayan ta shigo.

Hukuma ma ta yarda da wannan. Ƙa'idar gini mai tattalin makamashi da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017 ta ƙayyade cewa tagogi kada su wuce kashi 20 cikin 100 na faɗin bango sai an yi musu inuwa. Ba a kai ga tilasta ta a ƙauye ba, amma ma'auni ne da magidanci zai iya riƙewa da igiyar awo.

Irin taga da irin ƙofa

Taga mai zamewa, wadda ta fi kowace farin jini a yanzu, rabinta kaɗai ke buɗuwa, domin dole gilashi ɗaya ya koma bayan ɗaya. Rana tana shiga ta dukkan faɗinta, iska kuma ta rabi. Tsohuwar taga mai jerin yankakkun gilasai da ake karkatawa da hannu tana buɗuwa kusan gaba ɗaya, ana kuma iya barin ta a buɗe ana ruwa, sai dai ƙura tana bi ta tsakaninta, ɓarawo kuma yana iya zare gilasan. Taga mai ƙyaure biyu da ke buɗewa waje ta haɗa amfanin biyun: tana buɗuwa duka da dare, tana rufuwa ruf da rana. Wannan shi ne tsarin da ya dace da bazara, wato a rufe ɗaki tun hantsi kafin iskar waje ta fi ta ciki zafi, a buɗe shi bayan magariba. Kuma taga ɗaya, komai faɗinta, ba ta sa iska ta ratsa ɗaki. Sai an yi mata abokiya a wani bangon, zai fi kyau ɗaya ta kasance ƙasa ɗaya sama.

Raga ba ado ba ce. Wani bincike da aka yi a Gambiya, aka wallafa a 2009, ya nuna cewa sa raga a ƙofofi da tagogi tare da toshe ratar da ke tsakanin bango da rufi ya rage sauron da ke shiga gida da fiye da rabi, ya kuma rage ƙarancin jini ga yara. Sauron zazzaɓin cizon sauro ya fi shiga ta wannan ratar ta sama, don haka raga a taga ba ta wadatar idan an bar ƙarƙashin kwano a buɗe. Raga tana rage iska, shi ya sa ake ƙara wa taga mai raga ɗan faɗi, ana kuma wanke ta bayan hunturu.

Matsalar tsaro da ta addabi sassan Jihar Katsina ta sa ƙofar ƙarfe da sandunan taga sun zama dole a wurin mutane da yawa, kuma babu mai zargin su. Sai dai ƙyauren ƙarfe mai falle ɗaya da rana ke duka yakan yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, ya riƙa hura shi ciki. Fenti mai haske, da falle biyu da katako ko soso a tsakani, da 'yar rumfa a bisansa, suna magance mafi yawan wannan. Abin da ya fi haɗari shi ne ɗakin da aka yi wa ƙofa ɗaya da sanduna a kowace taga: idan gobara ta tashi a bakin ƙofa babu mafita. Mai walda zai iya yin sandunan taga ɗaya a kan hinji, da sakata daga ciki, kuɗin kuma kaɗan ne. Haka nan tsohuwar ƙofa mai ɓaraka tana yafe wa mai shigar da kaskon gawayi ɗaki a daren hunturu. Sabuwar ƙofa da taga masu rufuwa ruf ba sa yafewa, domin gawayi yana fitar da iskar guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci. Garin neman gira kada a rasa ido.

Idan bangon na ƙasa ne, fasa shi yana buƙatar haƙuri. A yi aikin da rani, a sa gungumen da zai ɗauki nauyin ginin da ke saman tagar, ya shige cikin bango sosai ta kowane gefe, kada kuma a kusanci kusurwa. Siminti da ƙasa ba sa kama juna da kyau, kuma mahaɗarsu ita ce hanyar ruwa da gara.

Sauran rufi. A ɗakin bulo mai rufin kwano, zafi mafi yawa daga sama yake saukowa, saboda haka wanda kuɗinsa ba zai isa silin da sabuwar taga tare ba, silin ya kamata ya fara yi. Francis Kéré, masanin gini ɗan Burkina Faso da ya samu lambar Pritzker a 2022, ya nuna hanyar a makarantar firamare ta Gando da aka kammala a 2001: ya ɗaga kwanon sama da rufin ƙasa, iska tana wucewa a tsakaninsu, bakin kwanon kuma ya fito ya yi wa bango inuwa. A gidan kwana ana iya yin haka matuƙar silin ɗin ya rufe ko'ina, aka kuma sa raga a ratar.

Ƙarin ɗakin da ake jingina wa gida domin hutawa, wanda Turawa ke yi da gilashi, a Tafashiya tuni yana da siffarsa: rumfa ce, ko baranda mai buɗaɗɗun gefe. Idan aka kafa ta a gefen yamma ko kudu, mai zurfin mita biyu ko fiye, takan zama wurin zama da yini, ta kuma hana rana taɓa bangon ɗakin da ke bayanta. Masu rufe baranda da gilashi domin gudun ƙura suna samun ɗaki mai tsabta na wata uku na hunturu, wanda ba ya zaunuwa daga Maris zuwa saukar ruwa. Raga da asabari da ake naɗewa suna tare ƙurar gwargwado, kuma ana iya ɗage su idan bazara ta shigo.